Ƙirjin Nazifi

Nazifi ɗan Tanda ne, amma a Gaya yake karatun kwalej, a gidan kawunsa Hama mai dakon kaya da babur zuwa Malanbil, a ƙetaren gadar iyaka. A cikin samarin unguwa an san shi da kokawa. Shekarar da muryarsa ta fara fashewa, sai ƙirjinsa ya kumbura dama da hagu kamar na yarinya mai ƙirgar dangi, ga zafi in riga ta goga.

Ya daina zuwa wanka gulbi. Ya riƙa sa riga biyu cikin zafin bazara. Duk da haka wata rana a filin ƙwallo Alassan, abokin karawarsa a kokawa, ya fizgi rigar ta yage, kowa ya gani. Kafin magariba labari ya iso gida.

Inna Kadi, matar kawun, ta kara muciya a bakin murhu ta ce ya zo ta danne masa abin ya koma. Ya ƙi. Washegari Kawu Hama ya dawo daga ƙetaren gada da ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, waɗanda mai talla ya ce na ƙarfin maza ne.

Nazifi ya ce, "Kawu, ba zan sha ba."

"So kake a ce a gidana aka yi renon mata-maza?"

"Ban san abin da ke cikinsu ba. Kai ma ba ka sani ba."

Ba a taɓa mayar wa Hama magana a gidan nan ba. Ya ɗaga hannu, yaron bai kauce ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Hannun ya sauka a kan tabarma.

Da safe, maimakon lakwal, wato makaranta, Nazifi ya ɗauki ƙwayoyin ya tafi asibiti shi kaɗai. Likitan, wani dattijo mai magana a hankali, ya duba shi, ya tambayi shekarunsa da lokacin da gashi ya fara fito masa.

Ya ce, "Lafiyarka ƙalau. In balaga ta zo, ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina saƙo su fara zuba sinadarin maza cikin jini. Shi ke buɗe murya, ya faɗaɗa kafaɗa, ya fito da gemu. Amma jiki na juya kaɗan daga cikinsa ya zama irin na mata, kowane namiji haka yake. Da farko awon bai daidaita ba, shi ne ƙirji ke tasowa. Samari da yawa na yin sa, ɓoyewa suke. Yawanci da kansa yake sauka. In ya ƙaru ka dawo. Waɗannan ƙwayoyi kuwa, kar ka kusance su."

Nazifi ya maimaita wa kawunsa maganar. Hama ya ce likita ba shi zai zauna a majalisa ana dariyar gidansa ba, ya kuma hana shi shiga kokawar bayan girbin shinkafa.

Ranar kokawa, da aka buga ganga, Nazifi ya ratsa taro ya shiga fili, ya tuɓe riga a gaban kowa. Dariya ta tashi, wani ya yi guɗa irin ta kai amarya. Ya tsaya har suka gaji, sannan ya nuna Alassan.

Sun daɗe suna kamawa, ƙura ta turnuƙe su. A ƙarshe Alassan ya sa masa ƙafa ya kayar da shi. Nazifi ya tashi, ya kakkaɓe yashi, ya ce a ba shi wani. Na biyun, Nazifi ne ya kai shi ƙasa.

Hama na cikin ƴan kallo. Kwana da kwanaki bai yi masa magana ba. Sai da damina ta zagayo kumburin ya fara sauka, a lokacin kuwa wasu samari biyu na ajinsu sun riga sun ja shi gefe suna tambaya wace ƙofa ake bi a ga likitan.