Ta Ina Aka Fitar?

Tun da aka turo Tela daga ɗakin tiyata matarsa ta daina yarda da kowa a asibitin nan.

Tela mutum ne mai jiki, yaran shagonsa ma Randa suke ce masa a bayan ido. Ciwon daji aka gano a babban hanjinsa, likita ya zaunar da su ya ce hanya biyu ce. Ko a tsaga cikin daga sama har ƙasa, sai dai a jiki mai kitse irin nasa ɗinkin kan daɗe bai kame ba, har ya yi ruwa. Ko a huda 'yan ƙofofi, a zura kyamara, a yi aikin ta ciki. Tela ya zaɓi hujin tun likita bai rufe baki ba. Mutumin da ke wuni da allura, amma in ya ga ta nas sai ya runtse ido.

Da matar ta ɗaga rigar asibitin, 'yan filasta kawai ta gani nan da can, kowanne bai fi maɓalli ba. Gabanta ya faɗi. Yayarsa kuma ta ƙarasa ta a baranda.

"Ni fa na san irin wannan. Haka suka yi wa marigayi mijina. Suka leƙa, suka ga abin ya ci jiki, suka rufe, suka ce mu je gida."

Daga nan komai ya zama shaida. Nas ta yi murmushi, to tausayi ne. An ce washegari ya tashi ya taka, to korarsu ake yi da dabara. Likita ya ce aiki ya yi kyau, ita kuwa ta ga lokacin da ya saci kallon agogonsa.

Da rana ta kasa haɗiye abin, ta jawo kujera kusa da gadon.

"Baban yara, ni ba yarinya ba ce. An ce za a yanke hanji a fitar. Ta ina ya fita? Ta wannan kafar maɓallin?"

"Haba, ke da kike taya ni juya riga mai shafi? Ba ta 'yar kafar da muke bari a ɗinki duk rigar ke fitowa ba?"

"Waccan kafar hannu na shiga. Nuna min inda hannu zai shiga a nan."

Tela ya dubi filastocin ɗaya bayan ɗaya. Ta ga tsoron nata ya koma fuskarsa, ta ji kamar ta mari bakinta.

Suna haka nas ta shigo da tiren wanke ciwo.

"Baiwar Allah, taya ni ɗaga nan."

Matar ta sa hannu biyu ta tallabo tumbin nan da ta yi shekaru tana wa gori. A ƙarƙashinsa, can cikin ninkin da ba wanda ya leƙa, ga wata tsaga a kwance, tsawon tafin hannu, a ɗinke tsaf.

"Ta nan aka zaro shi," in ji nas tana goge wurin da auduga.

Hawaye suka zubo mata, ba ta da hannun sharewa.

"Me kuka gani?" Tela ya tambaya. "Ni rabona da ganin wurin nan tun ina saurayi. Akwai ɗinki?"

"Akwai."

"Ya yi kyau?"

"Ya fi naka," ta ce.

Nas ta gama, ta liƙa sabon filasta, ta ce a sauke. Ita dai tana tsaye tana kallon wurin, ba ta sauke ba.