Katangar da Dam Ya Rufe

"Nawa yau?" ya tambaye ni tun kafin in cire takalmi.

"Biyar da rabi, Baba."

Ya lumshe ido. "Saura kaɗan."

Maƙwabcina ne. Shekara talatin ya yi yana awon ruwa a dam ɗin da ke shayar da garinmu. Kullum da safe ya duba sandar awo, ya rubuta. Da ciwo ya kwantar da shi sai aikin ya faɗo kaina, ni tela, wanda awon wuya da hannu kaɗai na sani. Kullum in tada babur in je in dubo masa. Na gaji, amma ban iya cewa a'a ba.

Bana damina ta yi jinkiri. Famfo ya ɗauke wata biyu, mata sun galabaita da ɗaukar jarka, kowa na roƙon dam ya cika. Shi kaɗai ke so ya ragu. Ƙauyensu na ƙarƙashin ruwan, an tashe su yana saurayi. In awo ya sauka zuwa huɗu, in ji shi, kan katangar gidansu zai fito, kabarin mahaifiyarsa kuwa na bayanta.

"Sau ɗaya katangar ta taɓa fitowa," ya ce. "Ranar injin dam ya lalace, aiki ya riƙe ni, na ce gobe na je. Kafin goben ruwa ya rufe ta. Wannan karon ka goya ni a babur ɗinka, ko daga nesa ne in gani."

Na yi masa alkawari.

Sai aka kwana uku ana zabga ruwa can inda kogin da ke cika dam ɗin ya taso. Ranar Laraba na tarar sanda ta nutse har bakwai. Na daɗe zaune kan babur kafin in juyo.

"Nawa yau?"

"Huɗu da rabi, Baba."

Ban rufe baki ba famfon tsakar gida ya yi tari, ya sake tari, ya saki ruwa. Matarsa ta ruga da bokiti tana hamdala. Ya kasa kunne. Kunya ta rufe ni.

"Tela," ya ce a hankali, "ƙasa da shida famfo ba ya kawowa. Allah ya yi maka albarka. Ka huta da zuwa haka nan."

Kwana biyu ya ƙara. Da ruwan famfon nan aka yi masa wanka.

Da muka dawo daga maƙabarta, bokitin ya cika yana malala a ƙasa, babu wanda ya tashi ya rufe famfon.