Teɓar Alhaji da Ludayin Man Shanu

...kuma wai ita ce mai taurin kai. Ita Ruƙayyatu, da take tsaye a madafa tun hantsi, hayaƙi na cin idonta, burabusko ya turaru, miyar kuka ta yi kauri, ga kwalbar man shanu a gefe tana jira — wai ita ce mai taurin kai. To, madalla.

Yau Laraba, Laraba kuwa tata ce. Haka mijinta Alhaji Abdulwahab da 'yan layinsu na kasuwar Gamboru suka tsara tun ba ta haifi 'yar fari ba: kowace rana gida ɗaya ne ke aika abincin rana, a juye a babban tire a bayan shago, kowa ya sa hannu. Idan kula ta dawo a suɗe, matar gidan ta fita kunya. Tata ba ta taɓa dawowa da ko loma ba, sai makon jiya, da ta hana miyar mai.

Da rabin abincin kular ta dawo. Rabi... Wai Onyekwere mai shagon kusa ya ɗanɗana, ya dubi Alhaji ya ce, "Alhaji, madam ta yi fushi da kai ne?" Aka kwashe da dariya. Shi ke nan, ya shigo gida fuska a murtuke kamar wanda aka zagi uwarsa, ya kwana bai ce mata ci kanki ba. A kan mai. A kan ludayi ɗaya na mai.

Shi ya manta, ita ba ta manta ba — yana zaune a tsakar gida bayan la'asar, hannu dafe da ƙirji, gumi na tsattsafo masa kamar an watsa masa ruwa, yana cewa kunun da ya sha ne ya tsaya masa. Kunu? Wane irin kunu ne ke sauka har cikin hannun hagu? A asibiti likita ya ɗauko tef irin na tela ya zagaye masa ciki, Alhaji yana dariya, wai ko ɗinkin Salla za a yi masa. Likita bai yi dariya ba. Ya ce ba nauyin jiki ba ne abin dubawa, dubi ƙafafunsa ma kamar muciya. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya naɗe hanji da hanta, shi ne ke wahalar da zuciya.

Tana juya miya. Miyar ba ta bukatar juyi, hannunta ne ke neman abin yi.

Siddiƙa ma ta faɗa masa. 'Yarsa ta cikinsa, mai karatun aikin jinya, ta durƙusa a gabansa da waya tana karanta masa binciken da aka yi a kan mutanen Japan: mutane sirara, masu cin kifi da ganye, amma a cikinsu ma wanda ya tara kitse a ciki ya fi kusa da ciwon zuciya. Me zai ce? "Ni Bajapane ne?" Abin da ya ce ke nan. Mutumin da ke sayar wa manoman Zabarmari injin ban-ruwa, kullum bakinsa na Japan, na Japan, ba ya ƙarya, ba ya mutuwa a gona — idan inji ne sun san komai, idan teɓarsa ce ba su san komai ba. Yarinya ta tashi idonta cike da ƙwalla, shi kuwa yana shafa cikin nan, wai rufin asiri ne, wai ɗan kasuwar da ya rame sai a fara tambayar lafiya.

Rufin asiri... Yayansa Ba'ana ma haka yake cewa. Jiki iri ɗaya, babbar riga ta rufe komai, sai tulu a gaba. Ya idar da salla, ya miƙe zai sa takalmi, ya kife a ƙofar masallaci. Aka ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, wa ya isa ya musa? Amma Allahn da Ya ƙaddara kwana ai Shi Ya ba mutum kunne. Ita ce ta zauna da matar Ba'ana cikin takaba, ita ta ga yadda mace ke kallon tabarmar da babu kowa a kai. Ba ta so. Wallahi ba ta so, tsoro take ji, tsoron da ke tashinta ta kasa kunne ko yana numfashi.

Ba ta yi dabara ba ne? Ta yi. Ta ce bari ta zuba masa nasa daban a ɗan kwano, ba mai, ba kitsen nama, sauran su ci nasu yadda suka saba. Kamar ta ce ya fita kasuwa tsirara. Ya ware kwano a gaban mutanen da suka haɗa hannu shekara da shekaru? A ce yana ƙyamarsu? Ko a ce ciwo gare shi wanda ake ɓoyewa? Tire ɗaya ne, hannu ɗaya ne, in ji shi, wanda ya janye hannunsa ya janye kansa daga layi.

Da safen nan kuma... yana bakin gado, ya sunkuya zai sa takalmi, teɓa ta tokare shi, ya ɗago yana haki. Ya jira numfashi ya dawo, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ruƙayya, yau ki sa mai. Kada ki ba ni kunya a gaban mutane." Ba faɗa ba ne wannan karon, roƙo ne. Da faɗa ya yi da ta san abin da za ta ce masa.

Ta tsoma ludayi a kwalba. Ƙamshin ya bugi hancinta, mai kyau ne, na Shuwa, ita da kanta ta soya shi da albasa. In ta zuba, kula ta dawo a suɗe, ya shigo da fara'a yana kiran sunanta tun daga zaure. In ta hana, ya sake zama abin dariya, ya kwana ya juya mata baya — amma zuciyarsa ta huta. Ta huta? Na yaushe? Gobe Alhamis, gidan su Mu'mina ne, matar wani ɗan layin, wadda miyarta har iyo nama ke yi a cikin mai. Jibi wani gidan. Gata wani. Kowace mace na tsaye a madafarta tana kare mutuncin mijinta da ludayi, su kuma suna can sun kewaye tire, kowa da tasa teɓar a cinya, suna yabon hannun matan da ke... Laraba kaɗai ce tata. Duk wannan gaba, duk wannan kwana ba magana, a kan Laraba ɗaya ne.

Ana sallama a ƙofar gida. Mikail ne, ƙanen Alhaji, ya zo ɗaukar kula. "Ya Ruƙayya, an gama? Mutane na jira."

"Ina zuwa."

Ba ta motsa ba. Ludayin na saman tukunya, bai karkata ba, bai koma kwalba ba... ta gaji. Ta gaji da zama ita kaɗai a cikin su biyun da ke tsoron mutuwarsa.