Karyar da Ta Ƙi Ci a Kwano

Shekara shida Balkisa ta yi tana aiki a gidan Madam Vasseur, a hawa na huɗu na wani tsohon bene kusa da tashar Château Rouge, kuma a duk shekarun nan fatar hannunta ba ta taɓa taɓa karyar gidan ba. Tana da safar hannu ta roba, irin ta wanke-wanke, rataye a bayan ƙofar ɗakin girki. In za ta wanke kwanon karyar, ta sa. In za ta sauke ta daga kan kujera, ta sa. Madam ta lura tun makon farko, ta dai ƙyale ta.

Sunan karyar Lisette. Irin karnukan farautar nan ne na Italiya da Turawa suka yi ta ƙanƙantawa har suka koma abin ɗorawa a cinya. Ba ta kai kilo huɗu ba. Ƙafafu kamar sillen kara, fata mai launin toka, ba kitse, gashin ma kamar shafa shi aka yi. Rawar jiki take in an buɗe taga, in an ɗaga murya, wani lokaci ma don murna. Tana 'yar shekara ɗaya ta diro daga kan gado ta karya ƙafar gaba, aka sa mata ƙarfe. Tun daga ranar ba a barinta ta yi tsalle, ɗaukarta ake a sauke. In ana ruwan sama kuwa sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi titi, ta juyo ta dube ka, kamar kai ka kawo ruwan.

A watan Oktoba na 1986 Madam ta zame a ɗakin wanka, ƙashin kwankwasonta ya karye. Ɗanta ya zo daga Lyon ya ce can za a yi mata aiki, kusa da shi. Asibiti ba a shiga da kare, gidansa kuma ba kowa da rana. Kafin a fita da ita, tsohuwar ta riƙo hannun Balkisa.

"Mako uku. Ki riƙe mini ita mako uku, ki kawo mini ita Lyon. Ke kaɗai ta sani."

Balkisa ta ce to. Ba mace ce mai cewa to don a rabu lafiya ba.

Da ta shiga gidansu na Saint-Denis da kwando a hannu, mijinta Abdourahamane yana zaune yana gyaran rediyo. Direban motar kaya ne, mutumin Adar, ɗan mafarauta. Ya leƙa kwandon ya daɗe yana kallo.

"Wannan kare ne, ko zanen kare?"

"Amana ce, Baban Aïcha. Mako uku."

"Babana yana da irinta, sai dai ta ninka wannan huɗu. Barewa take kamawa. Wannan kuwa kyankyaso ya ishe ta faɗa." Ya koma kan rediyonsa. "Sa ta a ɗakin girki. Tsinke. Sunanta ke nan a gidan nan."

Aka shimfiɗa mata tsohon bargo kusa da bututun ɗumi, aka ajiye kwanonta, aka zuba mata irin abincin da ta saba: dafaffiyar kaza da 'yar shinkafa. Ta shinshina, ta koma kan bargon ta dunƙule. Washegari haka. Jibi haka. Ruwa kawai take lasa, shi ma kaɗan.

Duk wanda ya ji labarin yana da abin faɗa, kuma duk abu ɗaya suke faɗa. Kare kare ne, in yunwa ta yi masa zai ci. Maƙwabciyarsu ta faɗa, mahaucin da ke ƙasan bene ya faɗa, Abdourahamane ya faɗa sau biyu. Mutane suna son irin wannan magana domin ba ta sa kowa ya tashi daga inda yake zaune. Ran kwana na huɗu Balkisa ta ƙirga haƙarƙarin karyar da ido daga bakin ƙofa, ta sa safarta, ta ɗauke ta zuwa wurin likitan dabbobi.

Likitan ya duba baki, ya taɓa ciki, ya auna zafin jiki. Ya ce babu cuta.

"A gidan uwarɗakinta yaya take ci?"

Balkisa ta yi tunani. "Ni nake dafawa in zuba a kwano. Madam ta ɗauki kwanon ta zauna a kujera, karyar tana kan cinyarta, ta riƙa ba ta da hannu."

"Barci fa?"

"Cikin bargon Madam."

"Yanzu wa ke ɗaukarta?"

Likitan ya dubi safar robar, ya kau da kai. Ya ce irin waɗannan ba su da ajiyar kitse da za su jira a yi musu hankali, kuma kaɗaici yana kama su fiye da sauran karnuka. In aka ƙara 'yan kwanaki a haka, sai an kwantar da ita an sa mata ruwa, shi ma ba lallai ya ishe ta ba.

Daga can Balkisa ta wuce Château Rouge, shagon atamfa na Malam Dodo, dattijon Damagaram da ya yi karatu mai zurfi kafin kasuwa ta janye shi. Ta ajiye kwandon a waje, inda za ta riƙa hangensa. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi sanyi, aka tambayi mutanen Nijar ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce:

"Malam, jikin kare da yawunsa, najasa ne?"

"To, kin san dai yadda mutane suka ɗauke shi."

"Na san yadda mutane suka ɗauke shi, a ciki na girma. Abin da littafi ya ce nake tambaya."

Malam Dodo ya gyara wani turmin atamfa da ba ya buƙatar gyara.

"Malamai sun yi saɓani. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, duk mai rai tsarkakke ne, har da guminsa da yawunsa. In kare ya sha a ƙwaryarki, ki zubar, ki wanke sau bakwai, bin umarni ne. Ajiye shi a ɗaki ba don gadi ko kiwo ko farauta ba, wannan kam ba a so."

"Ba ajiyewa na yi ba. Amana aka ba ni, tana mutuwa a hannuna."

"To, bar ta ta mutu ya fi muni." Ya rage murya. "Sai dai ba sai kin bi gida gida kina cewa Malam Dodo ya ce ba."

"Shekara shida ina sa roba, Malam."

"Ai ba ki tambaya ba."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ba ta haushi.

Da ta koma gida da la'asar ta cire safar ta ajiye a kan tebur. Ta tsaya a kan karyar, ta miƙa hannu, hannun ya ƙi ƙarasawa. Abin da aka koya wa mutum tun yana goye ba ya fita don an buɗe littafi. Ta daure ta sunkuya da tsokar kaza a yatsunta, Lisette ta ja da baya ta manne da bango tana karkarwa.

"Kin tsaya mata a ka kamar shaho," in ji Abdourahamane daga bakin ƙofa. Bai daɗe da dawowa ba, ko takalmi bai cire ba. "Zauna ƙasa. Ba haka ba, ba ta gefenki. Kada ki dube ta."

"Kai da ka ce in yunwa ta yi za ta ci?"

"Na faɗa." Ya sosa ƙeya. "Na tuna lokacin da babana ya kwanta ciwo, karyarsa ta kwana biyar ba ta ci ba. Kawuna ne ya zauna mata haka a ƙofar bukka, da fura a tafin hannu. Sa naman a tafi, ki ajiye hannun a cinyarki. Ki yi ta maganarki da ni kamar ba ta nan."

Suka yi ta hira. Ya ba ta labarin wani abokin aikinsa da ya ɓata a hanyar Rouen, ta tambaye shi ko wasiƙar 'yarsu Aïcha ta zo daga Maraɗi. Ƙafarta ta fara sagewa. Can ta ji wani abu mai sanyi ya taɓa wuyan hannunta, hanci ne. Sai ƙafa ɗaya a kan zanenta, sai ta biyu, nauyin bai fi na zakara ba. Karyar ta zagaya sau biyu ta kwanta a cinyarta. Balkisa ta ji zuciyar dabbar tana bugawa da sauri ta cikin zane, karkarwar tana raguwa. Sannan harshe ya ɗauke naman daga tafinta.

"Ƙara mata," in ji shi a hankali. "Kaɗan kaɗan."

Ta ci loma bakwai. Balkisa ta tashi ta wanke hannunta da sabulu har sau uku, ba wanda ya ce mata don me.

Bargon gado dai ba ta yarda ba, kowa da iyakarsa. Ta ba ta tsohuwar rigar sanyinta ta riƙa kwana a ciki. Abdourahamane bai daina kiranta Tsinke ba, amma ranar da ta yi yunƙurin dirowa daga kujera shi ya tare ta da hannu biyu, yana cewa, "Ke, ba a gidana za ki karye ba."

Ran Asabar ta uku Balkisa ta shiga jirgin ƙasa mai gudun nan daga tashar Gare de Lyon zuwa Lyon, tafiyar awa biyu. Kwandon yana ƙarƙashin kujera, babu komai a ciki. Lisette tana cikin rigar sanyin Balkisa, kanta kawai ya leƙo ta wuyan rigar. Wata mata da ke gefe ta tambaya ko tata ce. Ta ce a'a, kai ta za ta yi.

Gidan ɗan Madam yana kan tudun Croix-Rousse. Tsohuwar tana zaune a kujera kusa da taga, ta rame, sandar ƙarfe a gefenta. Tun daga bakin ƙofa karyar ta ji muryarta, ta fara zillo tana kuka siriri, tana neman dirowa. Balkisa ta matse ta a ƙirji, ta taka har gaban kujerar, ta durƙusa, sannan ta ɗora ta a cinyar mai ita.

Madam ta bi haƙarƙarin da yatsa, ta shafa ƙafar da ke da ƙarfe.

"Ta ci?"

"Kwana huɗu ta ƙi. Daga baya ta ci."

"A kwano?"

"A'a."

Tsohuwar ta dubi hannuwan Balkisa, waɗanda har yanzu suke tallafe da bayan karyar don kada ta zame. Ta ɗora nata hannun a kansu.

Aka kawo shayi, suka sha. Lisette ta yi barci a cinyar Madam, ƙafarta ɗaya a miƙe tana taɓa gwiwar Balkisa. Jirgin komawa na ƙarfe huɗu ne. Da lokaci ya yi Balkisa ta janye gwiwarta a hankali don kada ta tashe ta, ta bar rigar sanyin a kan kujera, ta ce wa ɗan Madam kada a wanke rigar sai bayan mako guda.