Yaɓen Ɗanbaba

Tun da aka ce kwamitin rabon sababbin gidaje zai zo duba masu nema, Iyatu ta hana kowa taɓa bangon ɗakinta. Ruwan da ya ɓalle daga magudanar noman rani bara ya cinye gindinsa, tsaga ta haura har rufi, kana zaune a ciki kana hango gonar albasar maƙwabta. A nan 'ya'yanta ke kwana. Gidajen da aka gina a hanyar Bunkure 'yan kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa, kuma an ce sai wanda ya fi shiga wani hali za a ba.

Ranar da za su zo, ta yi sammako ta kai shinkafa inji a Kura. Da ta dawo sai ta tarar da mijinta Ɗanbaba ya naɗe wando, taɓo har gwiwa. Ya yaɓe bangon tas, ya aro darduma da kujerun roba a gidan ƙaninsa Suhaibu.

"Malam, me zan gani haka?"

"Manyan baƙi za su shigo gidana, in bar su su ga asirinmu a buɗe?"

"Ai asirin suka zo gani!"

"Ke dai ɗora tukunya."

Ta ɗora, tana hura wuta tana tsaki.

Bayan azahar suka iso, maza biyu da wata Hajiya Tambaya. Aka zaunar da su, aka kawo shinkafa da wake. Iyatu na bayan labule tana ji shugabansu ya ce, "Malam Ɗanbaba, yaya ruwan bara?"

"Ruwa ya yi gyara, ranka ya daɗe."

"Ɗakin fa, ba matsala?"

"Sai godiya. Wasu ma ba su samu haka ba."

Iyatu ta yi tari, ta ƙara, har ta buga murfin tukunya a ƙasa. Ɗanbaba ya ce, "Ku ƙara abinci mana."

Da Hajiya Tambaya ta leƙo gaida matar gida, Iyatu ta kamo hannunta ta manna a bango. "Hajiya, don Allah taɓa ki ji. Ɗanye ne. Da safen nan aka yi shi."

Hajiya ta dubi taɓon da ke yatsunta, ta yi ajiyar zuciya. "Na gani, 'yar'uwa. Amma maigida ya ce lafiya a gaban kowa. Yanzu muka baro wata da ke kwana da marayu a rumfar kara. In na ce a ba ki, me zan ce mata?"

Iyatu ta saki hannun Hajiya, don ta san matar.

Aka yi rabo, babu su. Ɗanbaba ya ce ba rabonsu ba ne, kuma ko ba komai baƙi sun tafi suna yabon gidansa. Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, Iyatu ta ƙulle kayan yara a zane, za ta kai yaran gidan yayanta a Madobi.

"Haba Iyatu, mutane za su ce na kasa riƙe iyalina."

"Su faɗa, Malam. Bango ba ya jin kunyar kowa, ranar da zai faɗo ba zai yi sallama ba."

Ɗanbaba ya dubi hadarin. Sannan ya shiga ya turo babur don ya kai su.