Sunana a Bangon Kafen Babakura

Ranar Litinin da hantsi, bayan na yi wa Mama wanka na ba ta kunu, na buɗe kwamfutata a tsakar gida don in shiga laburaren jami'armu. Na sa lambata, na sa kalmar sirri, sai wani jan rubutu ya fito wai an dakatar da ni. Na sake sawa, haka. Na kashe data na kunna, na zazzagi kamfanin waya da bai ji ba bai gani ba, na sake gwadawa. Jan rubutun yana nan yana kallona.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a wata jami'a da ke tafiyar yini guda daga Maiduguri. Shekarar farko a can na yi ta. Da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki na tattaro kayana na dawo gida Gwange, don mu biyu ta haifa, kuma yayana yana Legas. Tun daga nan laburaren jami'a ya koma cikin kwamfutata. In na shiga da sunana, duk maƙalar da wanda ke zaune cikin ginin zai karanta ni ma zan sauko da ita, ina zaune kan tabarma ina korar wa Mama ƙuda.

Malamin da ke duba aikina ya riga ya yanke mini: ranar Alhamis da sha biyun rana, in babi na biyu bai isa hannunsa ba, ba zai sa ni cikin masu kare aikinsu bana ba. Hutun karatun da asibiti ta ba ni kuwa ƙarshen shekarar nan zai ƙare, kuma an gaya mini ƙarara ba ƙari. Abin da ya rage mini maƙala shida ne kan kwalara bayan ambaliya, waɗanda ya rubuta mini sunayensu da jan biro. Shida kacal.

Na kira laburare. Sai a kira na huɗu wata Madam Tabitha ta ɗauka, ita ce mai kula da masu shiga daga nesa. Na faɗa mata lambata, na ji tana danne-danne, sai ta tambaye ni ko ni likitar dabbobi ce. Na ce a'a. Ta ce lauya fa? Injiniya fa? Raina ya fara ɓaci, na ce mata don Allah ta faɗi abin da za ta faɗa. Ta ce cikin mako bakwai an sauko da maƙala fiye da dubu huɗu da sunana, tun daga ciwon kofaton shanu har dokar gado da yadda ake haɗa kankare, kuma wani lokaci kwamfuta takwas ke ciki a lokaci guda. Kamfanin da ke ba jami'a maƙalun ya yi barazanar rufe wa kowa, shi ya sa suka rufe ni.

Na rantse mata ban sani ba. Ta ce kowa haka yake cewa, kuma ai sau biyu sun tura mini gargaɗi ta waya. Na ce ban ga komai ba. Ta karanto mini lambar da ke cikin fayil ɗina, tun ba ta kai ƙarshe ba na gane ta, don da fenti aka rubuta ta a allon wani kafe a Gamboru.

Yadda muke yi ke nan a garin nan, kuma har da ni mai ganin kaina wayayya. In ka samu gurbin karatu sai ka kwashi takardunka ka kai kafe, ka zauna kan benci, mai kafe ya cike maka komai. Shi zai buɗe maka imel, shi zai zaɓa maka kalmar sirri ya rubuta a bayan takarda ya miƙo maka. Ni wajen Babakura na je, abokin yayana tun suna firamare, mutumin da ya ci tuwon gidanmu ba adadi. Ranar layina ba sabis, ya ce bari ya sa nasa, daga baya a canja. Shekara biyu ba a canja ba, ni ma ban ƙara tunawa ba.

Madam Tabitha ta ce in rubuto bayani in tura, kwamiti zai zauna bayan mako biyu, kafin nan ƙofa a rufe take. Na roƙe ta ta buɗe mini ko na awa ɗaya ne. Na gaya mata zancen Alhamis, na gaya mata zancen Mama, abin da ba na son gaya wa kowa. Ta ce ta tausaya mini, amma ba a hannunta yake ba.

Na zari mayafi na leƙa gidan maƙwabciyarmu na roƙe ta ta zauna da Mama zuwa ƙarfe biyu. Ta ce ba komai, ta ƙara da cewa 'yarta Gumsu tana gaishe ni. Gumsu tana aji biyu a fannin shari'a a jami'ar tamu, tana can a makaranta. Ko amsa gaisuwar kirki ban yi ba, na tare keke napep na ce Gamboru. Duk hanya ina shirya maganganun da zan gaya wa Babakura, ina zubar da wasu don sun yi sanyi.

Kafen yana nan yadda na san shi, har yanzu da zanen da ruwan ambaliya ya bari a bango daidai ƙirjin mutum. Kwamfuta takwas, kowace da mutum a gabanta, wasu na jiran layi. Ban kai ga neman Babakura ba idona ya faɗa kan wata takarda a saman firinta. Har leda aka yi mata don kada ta lalace. An rubuta da manyan baƙaƙe wai laburare kyauta ga ɗalibai, a ƙasa ga sunana cikakke, Najiba Hashim, ga lambata, ga kalmar sirrina. Kalmar kuwa sunan Mama ne da shekarar haihuwata. Sunan uwata, wanda ni ko a baki ba na iya faɗa, shi ne manne a bango kowane ƙato yana kwafa.

Babakura ya fito daga ciki da faɗin murmushinsa yana gaishe ni da Barbarci, wushe wushe, ƙanwata, yaya jikin Mama. Na nuna masa bango. Wata mata mai niƙabi da ke kan kwamfuta ta kusa ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ke ce Najiba? Sunana Ammatullahi. Wallahi kullum sai mun yi miki addu'a a nan, da ke na gama aikina." Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma shi ya ƙara ƙona ni. Na ce mata ta riƙe addu'arta, ni ban ba kowa komai ba, sata aka yi mini.

Babakura ya ce in shigo daga ciki mu yi magana, na ce a bango ya manna ni, a gaban bango za mu yi. Na gaya masa an rufe ni, na gaya masa za a kai ni gaban kwamiti kamar wadda aka kama da satar amsa, na gaya masa zancen Alhamis. Sai ya gyara hula ya fara yi mini wa'azi. Wai bayan ruwa yara nawa ne littattafansu suka zama laka, wai suna zuwa nan suna kuka, shi kuwa yana da mabuɗi a aljihu, ya hana su? Wai ko sisi bai karɓa ba sai na buga takarda. Saƙonnin gargaɗin ya gani, amma ya ɗauka na 'yan damfara ne.

"Ilimi ne fa, ƙanwata," in ji shi. "Ba abin da aka ɗauke miki. Duk abin da suka ɗauka yana nan inda yake."

"Ya Babakura, sunana fa? Yana nan inda yake?"

Na ce in sadaka yake so ya yi, me ya hana shi yi da nasa? Mutum ya shiga gidan wani ya ɗebi hatsi ya raba a ƙofar masallaci, a yi ta sa masa albarka, mai hatsi yana gida bai sani ba. Na ce shekara biyu ina karatu tsakanin allura da wankin zannuwan Mama, shi kuma ya mayar da ni famfon unguwa. Ba kuka nake ji ba, duka nake son yi.

Na kai hannu na fizge takardar. Sai a lokacin na lura da wata a gefenta, sabuwa fil, ko leda ba a kai ga yi mata ba. Da safen nan ya manna ta, da tawa ta daina aiki. Sunan Gumsu ne a jiki. Ni da kaina na riƙo hannun yarinyar nan bara na kawo ta kafen nan, na ce wa uwarta kada ta damu, Babakura ɗan gida ne. Mutum takwas ɗin da ke zaune duk da sunanta suke ciki.

Na juyo zan buɗe masa wuta, sai ya riga ni. Ya ɗaga wani saurayi daga kan kwamfuta, ya jawo kujerar ya karkaɗe ta da hannu. Ya ce maƙala nawa nake nema. Bakina ya suɓuce na ce shida.

"To zauna ki ɗauka. Ga shi a buɗe. Shida a cikin wannan duka, wa zai gani?"

Da na tofa masa yawu na fita, da yau ina ba da labarin nan da daɗin rai. Ban fita ba. Na ciro waya na kira Gumsu, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira, na kuma sakewa. Na san tana aji, na san in na jira zuwa la'asar za ta nemo ni. Amma agogon bango ya nuna ɗaya saura, maganin Mama ƙarfe biyu ne, ga sunayen nan shida da jan biro a cikin jakata, ga shafin laburaren da tun hantsi nake mafarkinsa a buɗe a gabana, sunan Gumsu a can sama daga dama. Na ce wa kaina ai ni ba kamar su ba ce, ni 'yar jami'ar ce, haƙƙina ne aka hana ni. Na zauna.

Ko minti biyar ban yi ba. Na sauko da su ɗaya bayan ɗaya na zuba a filashina, ina jin idon Ammatullahi a ƙeyata. Da na miƙe Babakura ya ce, "Kin gani? Wa ya mutu?" Ban taɓa jin na tsani mutum kamar lokacin ba, kuma ban iya ce masa komai ba, don bakin da zan yi maganar da shi na riga na sayar. Na yage takardar Gumsu daga bango, na haɗa da tawa na cusa a jaka na fita.

A cikin keke na tura wa Gumsu saƙo, na ce da ta fito aji ta wuce laburare wajen Madam Tabitha, a canja mata kalmar sirri da lambar waya, Babakura ya manna ta a bango. Na isa gida na ba Mama magani, na yi wa maƙwabciyarmu godiya ba tare da na dubi idonta ba, na zauna na fara karanta maƙalun. Duk abin da nake nema yana ciki. Babin zai isa kafin Alhamis.

Bayan la'asar Gumsu ta kira. Ta ce an canja komai, kuma Madam ta ce da an ƙara kwana biyu da ita ma an rufe ta. Ta yi ta godiya, Allah ya saka, Allah ya ba Mama lafiya, da ba ke ba Anti da na shiga uku. Ina ta cewa ba komai, ina neman hanyar ajiye wayar. Sai ta ce Madam ta buga mata jerin abin da aka ɗauka da sunanta yau, ta ce ta ja layi a ƙarƙashin duk wanda ba ita ta ɗauka ba ta sa hannu, za a haɗa da takarduna a kai wa kwamiti don a nuna ɓarnar mai kafen. Gumsu ta ce ta ja wa duka, saura shida na ƙarshe.

"Duk na kwalara ne, Anti. Ƙarfe ɗaya saura. Ba shi ne aikinki ba?"

Na ce shi ne.

Sai muryarta ta yi ƙasa, ba faɗa a ciki, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Anti Najiba, da kin jira na fito aji, ai da ni zan sauko miki da su da hannuna. Yanzu ga biro a hannuna, Madam tana jira. In ja musu layi, ko in ce ni ce?"