Jan Keken Baban Kirsimeti

A garin Wirrabee, in Disamba ya kama, zafi yakan kai har kwalta ta yi laushi a ƙarƙashin takalmi. A cikin wannan zafin ne Lyall Brennock yake zura jar riga mai kauri, ya ɗaura farin gemun auduga, ya hau motar kashe gobara ya zama Baban Kirsimeti. Shekara da shekaru shi ke yi. Bakanike ne, garejinsa na bakin hanyar shiga gari. Allah ya ba shi tumbin da ba ya buƙatar a cusa masa matashi, ga murya kamar ta mai gwanjon tumaki. In kana neman faɗa da Lyall, ce masa ya bar wa wani rigar a bana.

Bana kuwa fari ya kai wa kowa iya wuya. An sayar da tumaki a wulaƙance, magidanta da yawa sun tafi aikin haƙar ma'adinai can yamma, sun bar mata da yara da busassun gonaki. Shi ya sa Glenys Tuckwell, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ta tara masu ɗan hali a zauren gari. Kowa zai sa hannu cikin bokiti ya zaro 'yar takarda, a jiki an rubuta shekarun yaro da ko namiji ne ko mace, babu suna. Ka sayi kyauta, ka naɗe, ka kawo mata, ita za ta liƙa sunan. Sharaɗi ɗaya ne, kada kyautar ta wuce dala talatin.

"Talatin?" in ji Lyall daga bayan zaure. "Haba Glenys! Karena ma ya fi cin haka."

"Ba karenka muke yi wa biki ba," in ji Glenys. "Talatin na ce. Kuma kai nake kallo, Lyall, tun kana ɗan aji uku ba ka jin magana."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya zaro tasa, namiji mai shekara takwas.

Gaskiya Lyall ba mugu ba ne. Yana da tausayi, sai dai tausayinsa yana son 'yan kallo. Ga kuma Merv Hallam, mai shagon kayan gona, wanda ya yi wa filin wasan yara rumfa bara, aka kafa ƙarfe da sunansa a jiki. Duk ranar da Lyall ya wuce ta wurin sai kishi ya kama shi. Don haka da ya shiga birni sayen kayan mota, ya hangi wani jan keke yana walƙiya a tagar shago, bai ma yi wata doguwar shawara da zuciyarsa ba.

Matarsa Noelene ce ta tarar da keken a gareji, an lulluɓe shi da tampol.

"Wannan fa?"

"Na yaron nan ne. Nawa na bokiti."

"Dala talatin ke nan?"

"Ƙararrawarsa dai talatin ce," in ji shi yana murmushi, don dabarar ta burge shi. Ƙararrawar zai naɗe ya kai wa Glenys ta liƙa suna. In ranar ta zo ya kira sunan, sai a sauko da keken daga saman mota.

"Lyall, ba rowa ce ta sa Glenys ta yanka kuɗin ba. Ta san gidajen nan ciki da waje, kai kuwa motocinsu kawai ka sani."

"Yanzu kuma alheri ya zama laifi?"

"Ni dai na faɗa maka. Kuma ka cire wannan murmushin, don Merv kake yi, ba don yaro ba."

Ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya ja tampol ya rufe kekensa.

Ranar biki aka taru a filin ƙwallo da yamma, rana na dukan ƙeya. Maza na gasa tsiren sosej suna sawa cikin burodi da albasa, mata na yanka kankana suna korar ƙuda. Da aka ji jiniyar motar kashe gobara, yara suka kwasa da gudu. Lyall na tsaye a sama yana ɗaga hannu, gumi na bin bayansa, zuciyarsa fari fat. Aka ajiye masa kujera a ƙarƙashin rumfar Merv, ya zauna, ya buɗe buhun kyaututtuka.

"To, wa ya yi ladabi a bana?" ya tambaya, kamar yadda ya saba. "Kada wanda ya yi mini ƙarya, ni na san komai!"

Yara suka yi ihu, kowa na ɗaga yatsa. Ya shiga kiran sunaye. Wannan ƙwallo, wannan 'yar tsana, wannan bindigar ruwa, kowa ya karɓa ya koma yana tsalle. Ya kira Pippa Dunstall, wata 'yar siririyar yarinya mai shekara shida, ta karɓi akwatin fensiran zane masu launi, ta rungume shi a ƙirji, ta ce ta gode har sau biyu. Lyall bai ma kalle ta sosai ba, don ya hangi ƙunshin ƙararrawarsa a ƙasan buhu. Ya bar shi sai ƙarshe.

"Kade Dunstall!"

Ko da ya karanta sunan, bai haɗa shi da na yarinyar ba. Hankalinsa na kan Merv, wanda ke tsaye da gwangwanin lemo a hannu. Yaron ya buɗe ƙunshi ya ga ƙararrawa, ya tsaya yana jujjuya ta.

"Ƙararrawa ba keke?" in ji Lyall da ƙarfi, yadda na nesa ma za su ji. "Ina! Ku sauko da shi! Wannan na yaron da ya fi kowa kirki ne a bana!"

Aka sauko da keken. Wasu suka tafa, wani ya yi fito. Kade ya daskare, sannan ya fasa ihu ya haye. Sai dai tafin bai yi tsawon da Lyall ya zata ba. Yaran da ke tsalle da ƙwallayensu suka daina, kowa ya dubi abin hannunsa, ya dubi keken. Iyaye mata suka sunkuyar da kai. Glenys ta cire tabarau ta zuba masa ido, irin kallon da ya manta da shi tun yana firamare.

Yana ƙoƙarin tashi sai ya ji an ja masa hannun riga. Pippa ce, da akwatinta.

"Baban Kirsimeti," ta ce a hankali, "saboda famfon ne?"

"Wane famfo, 'yata?"

"Ai ka sani. Ka ce ka san komai." Ta ƙara ƙanƙame akwatin. "Na tankin ruwa. Na manta ban rufe ba, ruwan ya tsiyaye duka. Baba ya yi ta faɗa. Daga nan ne ya tafi aiki can nesa. Ni na ja. Kade bai taɓa barin famfo a buɗe ba."

Lyall ya dube ta da kyau. Sai yanzu ya gane su. 'Ya'yan Renae Dunstall ne, waɗanda ubansu ya kawo masa tsohuwar motarsa ya duba kafin ya tafi yamma. Shi da bakinsa ya ce ya san komai, shi da bakinsa ya ce keken na wanda ya fi kowa kirki ne, ita kuwa yarinyar ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Kunya ta rufe shi tun daga gemu har takalmi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Renae ta ƙaraso ta dafa kafaɗar 'yarta. Ta ji komai. Ta ce wa Pippa ta je ta ɗauko kankana ta dawo, sannan ta dubi Lyall, idanunta jajaye.

"Watanni na yi ina lallashinta kan maganar tankin nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Har ta fara mantawa."

"Renae, don Allah ki yi haƙuri. Gobe da safe zan shiga birni in sayo mata nata. Wanda ya fi wannan ma."

"Sannunka da ƙoƙari. Sauran yaran da ke filin nan fa, su ma za ka sayo musu? Baɗi kuma in Baban Kirsimeti ya dawo da fensir, me zan ce musu, sun lalace? Mu ba mu roƙe ka keke ba, Lyall. So muke yaranmu su shiga layi su fito kamar 'ya'yan kowa."

Ya hangi Pippa tana dawowa. Abu ɗaya ya rage masa, ya kai hannu ga igiyar gemun. Gara ta ga Lyall bakanike ne, wawan tsoho mai neman suna, wanda bai san komai game da wani famfo ba. Renae ta cafke masa wuyan hannu.

"Kada ka kuskura. Shekararta shida. Ubanta ba ya nan, tumakinta ba sa nan, wannan gemun kaɗai ya rage mata. Da shi ka ɓata, da shi za ka gyara."

Haka ya durƙusa a gaban yarinyar, gwiwoyinsa na ƙara, gemun ya jiƙe ya manne masa a baki. Ya ce mata maganar famfo ba komai ba ce, kowa na mantuwa, kuma ba ita ta sa babanta ya tafi ba, rashin ruwan sama ne. Ya ce shi ne ya yi kuskure, tsufa ya kama shi, ya faɗi abin da ba haka yake ba. Ya ce a duk filin nan babu wanda ya fi ta kirki.

Pippa ta saurare shi da kyau, ruwan kankana na bin gwiwar hannunta. Ta dubi yayanta, wanda ke zagaya fili yana kaɗa ƙararrawa. Ta sake duban Lyall.

"To," ta ce. Har ta ɗan shafa masa hannu, kamar ita ce mai ba shi haƙuri.

Ya miƙe da kyar. Ya gaya wa kansa ta yarda, don yana matuƙar buƙatar ya zama ta yarda. Merv ya zo ya buga masa kafaɗa yana dariya.

"Kai mutumina, bana ka kashe mu! Wa zai iya da kai?"

Abin da ya kwashe makonni yana jiran ji ke nan, ga shi ya zo, ya ji kamar an watsa masa ruwan wanke-wanke. Noelene na can gefe tana tattara faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba, hakan kuwa ya fi masa ciwo a kan da ta yi magana.

Al'ada ce Baban Kirsimeti ya tafi yadda ya zo, don haka ya ɗauki buhunsa daga gefen kujera ya hau mota. Direba ya kunna jiniya, yara suka biyo su da gudu suna ihu. Da ya ajiye buhun a gabansa sai ya ji wani abu ya ƙwanƙwasa ƙarfen mota. Ai ya raba komai. Ya zura hannu ya zaro akwatin fensiran Pippa. An mayar da shi cikin takardarsa, an lanƙwasa gefunan da kyau irin na ƙaramin hannu, har da ɗanƙon kankana a jiki. Ba ta cire ko fensir ɗaya ba.

Ya waiwaya ya hango ta a bakin fili, tana tsaye kusa da uwarta, hannuwanta biyu a baya, ta miƙe tsaf kamar yarinyar da ta ƙudura za ta gyara halinta kafin baɗi.

"Ɗaga musu hannu mana, Lyall!" direba ya ƙwala masa kira ta taga. "Yara na kallonka!"

Ya ɗaga hannun da babu komai a ciki, ɗayan kuwa ya ɓoye shi da akwatin a bayan jar rigar, motar ta ci gaba da tafiya.